Majaujawar Wata: Wasu Shawarwari Game da Manhajar Koyar da Falaki

Na san da ganin kan wannan maƙala wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ɗalibin Sashen Hausa, wanda harkarsa ba ta wuce nahawu da karin waƙa da ƙamusun Bargery ba, ina shi ina zancen gudun rana da wata? To, ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa. Abin da zan yi magana a kai wata manhaja ce ta kwamfuta wadda ake koya wa yara yadda duniya take kewaya rana da ita, da yadda wata yake kewaya duniya. Na daɗe ina wasa da ita, na kuma gwada ta a kan ƙannena da yaran unguwarmu lokacin hutu, har na tara waɗansu shawarwari waɗanda a ganina za su ƙara mata amfani ga yaron da Hausa ce harshen tunaninsa. Rabin shawarwarin nan kuwa aikinmu ne mu 'yan Hausa.

Sunan manhajar Gravity and Orbits. Tana cikin jerin manhajojin da ake kira PhET, waɗanda wani malamin kimiyya Ba'amurke, Carl Wieman, ya assasa a Jami'ar Kolorado cikin 2002, shekara guda bayan ya sami kyautar Nobel. Kyauta ake ba da su, kuma ana iya sauke su a waya a yi aiki da su ko babu intanet. In ka buɗe wannan da nake magana, sai ka ga baƙin fili, rana a tsakiya, duniya a gefe. Da ka danna sai duniya ta kama tafiya, wani agogo yana ƙidaya kwanaki. Kana iya zaɓar rana da duniya kaɗai, ko ka haɗa su da wata, ko duniya da wata, ko kuwa duniya da tashar 'yan sama jannati. Kana iya sa a fito da kibiyar da ke nuna ƙarfin ja, da wadda ke nuna gudu, da sawun hanyar da aka bi. Kana iya kama duniya da yatsa ka matsar da ita, ko ka ƙara wa rana jiki, ko ka rage mata. Sa'an nan akwai wani makunni guda da ke kashe ƙarfin jan gaba ɗaya.

Wannan makunni shi ne mafi daraja a cikin manhajar duka. Da ka kashe shi, sai wata ya daina lanƙwasa, ya miƙe sak ya fice daga allo. Duk yaron da ya taɓa tsaron gona lokacin da gero ya nuna ya san wannan abu a hannunsa. Majaujawa ce. Muddin igiya tana riƙe da dutse yana ta kewayawa, da ka saki sai ya miƙe ta inda ya fuskanta a lokacin sakin. Wani ƙanena ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya tambaye ni, "Yaya, to me ya hana wata faɗowa kanmu, tun da jansa ake yi?" Na ce masa ai faɗowa yake yi dare da rana, sai dai yana gudu ta gefe, kusan kilomita guda a kowane sakan, don haka kullum kuskuren duniya yake yi. Wannan lissafin Isaac Newton ne, wanda ya buga littafinsa a 1687. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka namu sau 60. Ƙarfin ja kuwa yana raguwa ne da nisa sau nisa, watau 60 sau 60, 3,600 ke nan. Dutsen da ka saki a nan yakan faɗi kusan mita 5 a sakan na farko. Raba wannan gida 3,600, za ka sami milimita 1.4. Iyakar faɗuwar wata ke nan a kowane sakan, abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba, amma shi ya ishe shi ya lanƙwashe hanyarsa har ta zama da'ira.

Yanzu bari in zo ga inda Hausa ta shigo. Masu manhajar sun buɗe ƙofa ga duk mai son fassara kalmomin da ke jikinta zuwa harshensa. To, da wace kalma za mu kira wannan ƙarfi? Na sha jin ana cewa "maganaɗisun ƙasa", a aji da kuma a rediyo. A ganina wannan fassara ɓarnarta ta fi gyaranta. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan itace ko ruwa ko mutum, kuma yana da baki biyu, wani ya ja wani ya tura. Ƙarfin da muke magana kuwa komai yake ja, bai taɓa tura wani abu ba. Bugu da ƙari, duniya tana da maganaɗisu na gaskiya, shi ne mai juya allurar kamfas zuwa arewa. In muka ba abu biyu suna ɗaya, ranar da yaro ya zo karatun na biyun sai ya rikice, kuma laifin namu ne.

Wasu kuma sukan ce "jan ƙasa". Wannan ya fi dama, amma a duba nauyin da muka ɗora wa kalmar ƙasa. Ita ce turɓaya, ita ce doron da muke takawa, ita ce kishiyar sama, ita ce kuma Nijeriya ko Nijar. Yaron da aka koya wa "jan ƙasa" zai ɗauka ƙasa ce kaɗai mai ja, kuma ƙasa-ƙasa ake jan. To, in ya ga rana tana jan duniya, jan wace ƙasa ce ke nan? Manhajar da kanta ta ba mu amsa. In ka kunna kibiyoyin ƙarfi, za ka ga ɗaya a jikin rana ɗaya a jikin duniya, suna fuskantar juna, tsawonsu ɗaya ba bambanci. Rana ta ninka duniya sau 333,000, amma gwargwadon yadda take jan duniya haka duniya take janta. Abin da ya sa ba ka ganin rana tana gusawa, girman jikinta ne. Ashe ke nan abin tarayya ne. Hausa kuwa tana da tsari na musamman don irin wannan, wanda ya ba mu soyayya da ƙiyayya da sakayya. Da an bi ƙa'ida, daga "ja" sai a sami "jayayya", da shi ke nan magana ta ƙare. Abin takaici masu gardama sun riga mu kama wannan kalma tun da daɗewa, ba kuwa za su sake ta ba. Saboda haka ni abin da na zaɓa shi ne "jan juna".

Haka nan kalmar "nauyi". Masu kimiyya sun raba abu biyu waɗanda mu muke haɗawa a kalma guda. Ɗauki buhun gero mai kwano arba'in ka kai shi doron wata. Can yaro ma zai iya ɗaga shi, don kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa na nan zai yi. Amma in ka kwance bakinsa ka auna, kwano arba'in ɗin nan ne, ko tsaba ba ta ragu ba. Abin da ya ragu shi ne nauyi, watau jan da ake yi wa buhun. Abin da bai ragu ba shi ne abin da buhun ya ƙunsa, kuma shi ne wanda ake ƙara wa rana ko a rage mata a cikin manhajar. In mai fassara ya rubuta "nauyin rana", yaro mai wayo zai tambaye shi a kan wane sikeli aka ɗora ta. Na fi son "ƙunshi", ko da yake na san mata za su ce nasu ne na lalle. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu ba aibu ba ne muddin ma'anonin sun yi nesa da juna yadda ba za a ruɗe ba, kuma babu wanda zai ruɗa rana da lalle.

Hanyar da ake bi wajen kewayawa kuwa ba ta bukatar sabuwar ƙira. "Falaki" yana nan, malaman zaure sun are shi daga Larabci tun kafin boko, tare da sunayen burujai da masaukan wata 28 da ake lissafin damina da su. Mutumin Katsina ne ma Muhammadu al-Kashnawi, wanda ya yi rubutu kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Abin da ya rage kurum shi ne mu tsai da bambanci tsakanin "juyi", irin na katantanwa a kan tsininta, wanda ke kawo dare da rana, da "kewayi", wanda ke kawo shekara. A baki muna cuɗanya su, amma a allo dole kowanne ya tsaya a wurinsa.

Babbar shawarata ga masu ƙera manhajar kuwa ta samo asali ne daga wurin kakana, wanda manomi ne kuma ya yi karatun zaure gwargwado. Na nuna masa duniya da wata, muka bar wata ya kewayo sau ɗaya, agogo ya nuna kwana 27 da ɗoriya. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, injin naka ya ci kwana biyu. Wata 29 ne ko 30, tun kafin a haifi ubanka." Gaskiyarsa, kuma injin ma gaskiyarsa. Wata yakan gama kewaya duniya cikin kwana 27.3 in da taurari aka gwada shi. Amma a cikin kwanakin nan duniya ba a tsaye take ba, ta yi gaba a nata falakin da kusan digiri 27. Kafin wata ya sāke daidaita da rana yadda ya faro, sai ya ƙara tafiyar kwana biyu da ɗan wani abu. Shi ya sa daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29.5 ne. Ninka wannan sau 12, ka sami kwana 354, shekarar Hijira ke nan, wadda take gaza ta rana da kusan kwana 11. Dalilin da ya sa azumi yake zagayawa ke nan, ya zo da bazara, ya zo da damina, ya zo da hunturu, ya komo inda ya faro bayan kimanin shekara 33.

Duk wannan yana cikin motsin da manhajar take nunawa, amma mai kallo ba ya ganinsa, domin an ajiye shi can sama yana leƙo rana da duniya kamar mai leƙa rijiya. Babu ɗan Adam da ya taɓa tsayawa a wannan wuri. Mu daga ƙasa muke kallo. Abin da nake so shi ne a buɗe wata 'yar taga a kusurwar allo wadda za ta nuna abin da mutumin da ke tsaye a doron duniya yake gani a daidai wannan lokaci. A babban allo kuma a haskaka rabin watan da ke fuskantar rana, a bar ɗaya rabin cikin duhu. Sai yaro ya ga wata ya shiga tsakanin rana da duniya, a tagar kuma ya ɓata. Ya gusa kaɗan, jinjiri ya tsaya. Ya koma bayan duniya, ga farin wata na daren sha huɗu. Sa'an nan a sa agogo biyu, ɗaya na kewayi ɗaya na jinjiri, yaro ya ga da idonsa inda kwana biyun Kaka suka shiga. Gani ya kori ji.

Ba sai na faɗa wa mai karatu muhimmancin wannan a ƙasarmu ba. Kowace shekara, in Sha'aban ko Ramalan ya zo ƙarshe, sai ka ji majalisu sun kaure da musu, wannan ya ce an gani, wancan ya ce ba zai yiwu ba. Hukuncin tsayuwar wata na malamai ne, sanarwa kuma ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, babu manhajar da za ta karɓe wannan, ni ma ban nema ba. Amma da yawa daga cikin masu musun ba su san abin da ke faruwa a sama a wannan maraice ba. Wata yakan tsere wa rana da kimanin digiri 12 a kowane yini. Wani masanin taurari Bafaranshe, André Danjon, ya lura a shekarun 1930 cewa in tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wajen digiri 7 ba, ido ba ya iya kama jinjiri. In da tagar nan za ta riƙa rubuta tazarar da lamba, da yaro ya gane dalilin da ya sa watan kwana ɗaya yake faɗuwa jim kaɗan bayan magariba, da dalilin da ya sa a yamma ake nemansa. Wanda ya san wannan, ko zai yi musu, musun mai ilmi zai yi.

Da zarar an buɗe tagar nan kuwa, wata tambaya za ta taso. A allo komai shimfiɗe yake kamar tabarma. Wata yana ratsawa tsakanin rana da duniya kowane wata, yana kuma bi ta bayan duniya kowane wata. In haka ne, me ya sa ba a yin husufi sau biyu a kowane wata? Amsa ita ce falakin wata a karkace yake da kimanin digiri 5, don haka yawanci ta sama ko ta ƙasan layin yake wucewa. Sai sau biyu a shekara ake samun lokacin da abubuwan uku za su iya jeruwa sosai. Ina ganin ya kamata a iya karkata allon a dube shi ta gefe, kamar yadda ake duban faifai ta bakinsa. Ranar 29 ga Maris, 2006, an yi cikakken husufin rana wanda inuwarsa ta bi ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa Gusau da Katsina, ta shiga Nijar ta Maraɗi. Lokacin ban yi wayo ba, amma har yau manya suna ba da labarin yadda gari ya yi duhu da hantsi. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa husufin rana a ƙarshen wata yake zuwa, na wata kuma a tsakiyarsa. Manhajar za ta iya nuna dalili cikin minti ɗaya.

Akwai kuma wani ruɗu da na lura manhajar tana iya ƙarfafawa ba da nufi ba. Da yaro ya ƙara wa rana ƙunshi ya ga falaki ya zama kamar ƙwai, duniya tana matsowa tana nisanta, sai ya ce, "Yauwa, ga bazara ga hunturu." Na ji wannan daga bakin yara fiye da ɗaya. Alhali duniya ta fi kusa da rana ne a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, ta fi nisa kuma a farkon Yuli, miliyan 152. Farkon Janairu kuwa lokacin ne muke ƙudundune a bakin wuta, leɓe duk ya tsage. Abin da ke kawo sauyin yanayi karkatar duniya ce a kan tsininta, digiri 23 da rabi. Ita ce take sa rana ta bi ta tsakar kan Bakano wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, ta kuma kwanta kudu a Disamba har inuwa ta yi tsawo. Ko da ba a shigar da karkatar ba, a rubuta sunayen watanni a jikin falakin, yaro zai ga Janairu a wurin da bai zata ba, ya tambaya.

Game da girma da nisa, masu manhajar sun yi adalci. Sun yi fuska biyu, ɗaya an kumbura duniya da wata don a gan su, ɗaya kuma an bi ma'auni na gaskiya. Sai dai yara ba sa daɗewa a ta biyun, don ɗigo kawai suke gani. Abin da ya fi shiga kansu shi ne ranar da muka fita fili. In rana ƙwallon ƙafa ce, to duniya ƙwayar gero ce a nisan mita 24, watau taku talatin. Wata kuma ƙwayar yashi ce, faɗin yatsu uku ko huɗu daga geron. Tsakani babu komai. Irin wannan kwatanci ya cancanci a rubuta shi a gindin allon, a bar wa kowane mai fassara ya sa ƙwayar da mutanensa suka sani.

Fuskar duniya da tashar 'yan sama jannati ita ce na ga an fi iya faɗaɗawa. Tashar tana nisan kilomita 400 ne kacal, tana gudun kusan kilomita 7.7 a sakan, tana kewayo duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Mutane suna ganin 'yan sama jannati suna yawo a iska sai su ce can babu ja. Akwai, kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji a nan. Su da ɗakinsu ne suke faɗuwa tare, irin faɗuwar wata. Zan so a ba yaro dama ya ɗaga tauraron ɗan Adam sama-sama, yana ganin kewayinsa yana ƙara daɗewa, har ya kai kilomita 35,786, inda kewayi ɗaya yake daidai da juyin duniya ɗaya. In a saitin tsakiyar duniya yake, sai ya zama kamar an kafe shi a wuri guda. Wannan shi ne sirrin farantin dish da ke kan rufin gidaje, wanda ake saita shi sau ɗaya a ɗaure. Can ne aka ajiye NigComSat-1R da aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011. Labarin nan ba baƙonmu ba ne. A farkon shekarun 1960 Amurkawa suna da tashar bin sawun kumbo a Kano, tana cikin waɗanda suka bi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku a Fabrairu 1962. A Agusta 1963 kuma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta kan Syncom 2, tauraron sadarwa na farko da kewayinsa ya yi daidai da yini guda. Yaron da aka gaya wa wannan zai dubi ɗigon da ke allo da wani ido daban.

Wani abu kuma da na lura da shi, in ka miƙa wa yaro wayar, abin da zai fara yi shi ne ya jefa duniya cikin rana don ya ga ta fashe, ya yi dariya, ya sāke. Ba laifi, amma bayan minti biyar ya gama. Da na ga haka sai na riƙa mai da abin canki-canka. Kafin a danna, kowa ya zana a ƙasa hanyar da yake zaton duniya za ta bi. In aka ninka ƙunshin rana sau biyu fa? Falaki zai tsuke, shekara ta koma kwana 140 ko kusa da haka. In aka rage shi rabi? Duniya ta tafi ke nan, don gudun da take da shi ya ishe ta tserewa. In kuma ƙunshin duniya aka ninka? A nan ne kowa yake faɗuwa. Duk sukan ce za ta nutse wajen rana, amma falakin ko gezau. Dalilin shi ne wanda ya sa guduma da gashin tsuntsu suka isa ƙasa tare sa'ad da David Scott ya sake su a doron wata cikin 1971. Ya kamata wannan wasa ya kasance cikin manhajar kanta, yaro ya zana zatonsa da yatsa a allo, sa'an nan ya ga sawun gaskiya a gefensa. Haka kuma zan so a rubuta adadin gudu a jikin kibiya. Duniya tana gudun kusan kilomita 30 a sakan. In ya kai 42, ba ta komowa. Yaro ya gano wannan lamba da kansa ya fi a rubuta masa ita a allo sau goma.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Yawancin yaran da za su ga wannan manhaja a ƙaramar waya za su gan ta, su biyar a kan guda, don haka a ƙara girman wuraren da yatsa ke kamawa. A sa murya mai karanta kalmomin da Hausa. A kuma ba da zaɓin ajami, tun da akwai dubban almajirai da suka fi sakewa da shi, kuma su ne za su fi kowa jin daɗin tagar jinjirin wata.

Na ƙarshen nan da batun kalmomi ba sai mun jira kowa daga Amurka ba. Kalmomin da ke jikin allon takarda ɗaya za ta ɗauke su. Ina ba Ƙungiyarmu shawara ta gayyaci 'yan'uwanmu na Sashen Fiziya, da malami ɗaya ko biyu daga cikin masana falaki na zaure, a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka tsayar kuma kada a buga shi sai an kai wa yara 'yan aji shida na firamare, an rubuta musu "jan juna" da "ƙunshi" da "kewayi" ba tare da bayani ba, an tambaye su abin da suka fahimta. Kalmar da yara suka kasa kamawa a mai da ita teburi a sāke mata ƙira.